Ladanin Madagaska

A zamanin juyin juya hali, lokacin da kowa a Kwatano ya zama "kamarad", aka sa ni cikin tawagar direbobin da ta ziyarci tsibirin Madagaska. Kafin mu tashi na cika majalisarmu ta unguwar Zongo da baki: ni jikan mafarauta ne, babu dabbar da ban san kukanta ba. Tsibiri kuwa ai ɗan tudu ne a tsakiyar ruwa.

Da muka sauka, sai ga ƙasa ja wur, ba iyaka, ga itatuwan kuka dogaye kamar hasumiya, ga hawainiyar da ba ta kai ɗan yatsa ba.

Wata safiya aka shiga da mu wani daji mai duhu. Kwatsam wata murya ta tashi daga saman itatuwa, kamar kuka kamar waƙa. Wata ta amsa daga bayan dutse, har dajin duka ya ɗauka. Na ce a raina, aljanu ne! Maganin aljanu na san shi tun ina yaro: na toshe kunnuwa, na kwarara kiran salla.

Jagoranmu, wani dattijo ɗan ƙasar, ya jira cikin ladabi har na kai ƙarshe, sannan ya nuna sama. Wata dabba ce mai kama da biri, baƙi da fari, da ɗanta a goye, ta zuba mini ido.

"Gaisawa suke yi," in ji shi. "Mu kakanni muke ɗaukarsu."

Da maƙwabcina Isa aka yi tafiyar. Har yau in ladanin unguwa ya makara, sai ya leƙo gidana: "Malam, taimaka mana, kai da har birai ka kira salla!"