Mai Wando Ya Sake Gudowa

"...lafiya lau, ban da matakalar nan taka da ta kusa raba ni da numfashi. Ina ɓarawon?"

"Wane ɓarawo kuma? Ki ƙarasa gaisuwar tukuna, marar kunya. Haka ake yi a asibitin naku, a soka wa mutum allura kafin a ce masa sannu?"

Ni ina gefe ina shanya. Rufin benen namu ɗaya ne, igiyata tana wannan kusurwa, akurkin tantabarunsa yana waccan, kuma shekara goma sha ɗaya ke nan muna faɗa da tsohon nan a kan kashin da suke zuba min a zannuwan gado. Direban jirgin ƙasa ne da ya yi ritaya. A da su bakwai ne masu tseren tantabaru, duk Asabar a kai tsuntsaye bayan gari a sake, a ga na wa za su riga dawowa. Yanzu saura shi kaɗai. Matarsa ta rasu, 'ya'ya sun watse neman abinci, kujerun da abokai ke zama a kai ya kifa su a jikin bango. Wallahi wani lokaci in na ji shi yana ba tantabaru labari sai in rasa bakin yi masa masifa.

Mutum ɗaya ce ke hawo masa, jikarsa ma'aikaciyar jinya, wadda yake kira Mai Allura. Ita ma ba ta fara zuwa a kai a kai ba sai da ya yi mata kyautar wani namijin tantabara, Mai Wando, wanda gashi ya rufe masa ƙafafu har yatsu. Duk ranar da ta buɗe masa keji a gidanta sai ya gudo, ita kuma ta biyo shi da kwali a hannu. Wannan ne karo na tara.

"Ga shi can!" ta nuna shi a kan tankin ruwa. "Dube shi don Allah, yana tafiya kamar ya aro wandon yayansa. Kai da shi ban san wanda ya fi wani iya sa kaya ba."

"Kishi kike yi. Ke ƙafafunki kamar sandar rake, ko gashi ɗaya babu na ado."

"Ado? Wannan ai tsintsiya ce ya ɗaura. Ni da ma share min ɗaki yake yi kafin ya gudu, da na gode."

"Abin da kike ba shi ne ya kore shi. Jiya da ya sauka ya rantse min ƙwayar magani kike zuba masa a madadin hatsi."

"Da na samu ta hankali ai da na kawo maka kwalba guda."

"Ke! Kin san wanda kike zagi kuwa? Shekara talatin ina haɗa iri kafin in same shi. Kowa cewa yake mai gashin ƙafa ba ya tsere, nauyi ke jan shi, ado kawai. Kakan wannan na sake shi a tasha ta huɗu, na ja jirgi na taho, kafin in iso gida har ya ci ya sha ya yi wanka."

"Jirgin naka ne ba ya gudu. An ce har akuya tana wuce ku."

"Wa ya faɗa miki?"

"Akuyar."

Ya yi dariya har da tari. Ta buga masa baya, da ƙarfi fiye da yadda ya kamata, sannan ta juyo kujera ɗaya daga cikin kifaffun ta zauna. Ban taɓa ganin ta zauna ba, kullum a tsaye take tana duba agogo.

"Tsoho mai ran ƙarfe, asirinka ya tonu. Akwai wani bawan Allah da aka kwantar a ɗakinmu, shi ma mai kiwon tantabaru ne. Na ba shi labarin Mai Wando, ya yi ta dariya har ɗinkinsa ya kusa buɗewa. Ya ce babban tantabara ba ya zama a sabon gida, inda ya fara tashi nan yake komawa. Ya ce in tambaye ka ina matarsa."

"Wace mata?"

"Waccan farar da ke leƙowa! Ka ba ni miji ka riƙe matar, ka zauna kana kallona ina hawan bene da kwali kamar mahaukaciya. Har zaginsa nake yi a hanya, ashe kai ne uban ɓarayin."

Na daina matse wanki, don ni na daɗe da sanin wannan. Duk ranar da tsuntsun ya dawo, tsohon nan aski yake yi ya sa riga mai tsabta.

Ya ɗebi hatsi ya watsa, bai dube ta ba. "To in ban yi haka ba, yaushe za ki hau matakalar nan? Uwarki sai waya. Kawunnanki ko wayar babu. Tantabaru suna jin magana, amma ba sa rama zagi."

Ta shiga murɗa murfin kwalin.

"Kaka," ta ce. Da na ji ta kira shi haka, ba Tsoho ba, na san akwai magana. "An mayar da ni wani asibitin. Tafiyar wuni guda ce a mota. Jibi zan tafi."

"Madalla! Allah ya ji kukan marasa lafiyar garin nan. Waɗancan kuma Allah ya ba su haƙuri."

Bakinsa ne kawai ya faɗa. Ya ajiye kwanon hatsin. Ya miƙe ya shiga akurki, ya daɗe fiye da kima. Da ya fito yana rungume da ɗan shila, gashin ƙafarsa ya fara tsirowa ke nan.

"Ungo. Ɗan Mai Wando ne, shi kaɗai ya rayu bana. Bai taɓa tashi ba, bai san saman nan ba. Inda kika fara sakinsa nan ne gidansa har ya mutu. Wannan ba zai gudo ba. Na yaudare ki sau tara, kin ci, na yarda."

Ni dai idona ya cika, na juya ina gyara abin da ba ya buƙatar gyara. Irin da ya yi shekara talatin yana nema ne ya miƙa mata, kuma ya san daga yau ba ta da abin biyowa.

Ta dubi ɗan shilan sama da ƙasa ta taɓe baki.

"Wannan abin? Ko gajeren wando bai gama ɗinkawa ba. Ni za ka raina wa hankali? An ba ni babba, sai yanzu a ce in koma jariri? Mayar da kayanka. Kamo min ɓarawona."

"Ke, ba ki ji abin da na ce ba? Gudowa zai yi."

"Na ji, ni ba kurma ba ce irinka. Zai iya tafiyar wuni guda?"

Ya tsaya yana kallonta. Sannan ya ɗaga kai, ƙirjin nan ya fito. "Wuni guda a motarku. Shi in kin sake shi da safe, kafin la'asar yana kan tankin nan."

"Da wannan tsintsiyar a ƙafa?"

"Da ita!"

"To duk ƙarshen wata zan buɗe masa taga. Kuma in ya iso ka riƙe min shi da kyau, kar ka ce ya ɓata, don zan zo in ɗauki abina."

"Wa zai sauko miki da shi? Sai kin hau matakala."

"Zan hau, mugu."

Ya yi fito, Mai Wando ya sauko kafaɗarsa. Ya sa shi a kwalin da hannunsa, yana dariya yana share ido da gefen riga, wai ƙaiƙayin hatsi ne ya shiga. Muka ji takunta yana sauka har ya ɓace.

Ya daɗe tsaye a bakin matakalar kafin ya juyo gare ni.

"Maƙwabciya, ƙarshen wata ki kwashe shanyar nan daga gefen tanki. Ina da baƙo, kuma daga nesa zai taho, ba ya son abu yana kaɗawa a inda zai sauka."

Shekara goma sha ɗaya ban taɓa matsar masa da ko tsumma ba. Saura kwana ashirin da uku wata ya ƙare, amma a ranar na kwance igiyar.