Murhun da Na Gina Ranar Sunan Ɗiyata

Ba zan taɓa mantawa da safiyar sunan ɗiyata ta fari ba, ko da kuwa na so in manta, don har yau matata ba ta bari.

Ni malamin kimiyya ne a wata sakandare a Tudun Wada, kuma ina da cutar nan ta masu ɗan ilimi: ba na iya ganin abu yana aiki in ƙyale shi. Da haihuwa ta matso, sai na sanar cewa ba wadda za ta sha hayaƙi a sunan nan. Na sayo bulo da yumɓu da dogon bututun ƙarfe, na gina murhun zamani a gefen tsakar gida, har da zane a takarda. Ban tsaya nan ba. Da na je gaida surukina, Baffa, dattijon Bafulatanin da bai taɓa haɗa ido da ni ba saboda kunya, sai da na cika masa kunne da labarin murhun. (Kalmomin da suka taɓa shiga tsakaninmu a shekara biyu ba su kai na ranar ba.) Ya ce, "To, madalla, za mu gani."

Ranar suna aka tashi da sanyin Jos na damina, irin mai shiga ƙashi. Baƙi sun cika ƙofar gida, dangin matata sun zo mota biyu, kuma abin da kowa ke jira bayan addu'a shi ne gwaten acha mai zafi. Mata suka ɗora babbar tukunya, suka hura wuta. Murhu ya ce bai san zancen ba. Hayaƙi ya ƙi bin bututu, ya dawo ta baki, fari fat, ya cika tsakar gida har mai jego ta fara tari a ɗaki.

Aka aiko a kira ni. Na shigo da sabuwar shaddata, na ce wa mata su ja baya. Na ƙara itace. Na ƙara wani. Na zuba kananzir, wuta ta yi bal, ta lashe min gashin gira, ta mutu. Daga nan na tattare babbar riga, na durƙusa, na kifa fuska a bakin murhu ina busawa da dukkan ƙarfina, hawaye da majina suna zuba.

A haka nake, goshi a ƙasa, baya a sama, na ji tsakar gida ta yi tsit. Na waiga. Baffa ne tsaye da sandarsa, ya shigo ganin abin da aka yi masa alkawari. Mutumin da ko abinci ban taɓa ci a gabansa ba. Ya dube ni, ya kau da kai ya dubi katanga, ni kuwa na roƙi ƙasa ta tsage ta ƙi.

Sai wata murya ta ce, "Oga Tisha, tashi, kana ɓata riga."

Mama Ladi ce, tsohuwar da ke soya masa, wato waina, a Anguwan Rukuba, ƙawar mahaifiyata, ta zo taya aiki. Ba ta tambayi zanena ba. Ta tsuguna ta karkata kunne wajen murhun kamar mai sauraron ƙirjin jariri. Ta miƙe ta dafa bututun da tafin hannu.

"Wannan abu ya yi sanyi, ya yi barci," in ji ta. "Kuma ka cusa masa itace kamar buhu. Wuta ma yana numfashi, ɗana."

Ta zare fiye da rabin itacen, ta ware masu danshi gefe. Ta kwashe toka da marfin kwano, ta gitta ɗan dutse a ƙarƙashin itace uku da suka rage don iska ta bi ta ƙasa. Sannan ta murɗe tsohuwar jarida, ta kunna, ta tura can gindin bututun, ta riƙe.

Wallahi abin da na gani har yau yana sa tsigar jikina tashi. Hayaƙin da ya addabe mu ya tsaya cak, ya yi ɗan jim, ya juya ya koma cikin murhu kamar an kira sunansa. Bututu ya fara wani gurnani a hankali. Wutar ta kwanta, ta miƙe ta bi ƙarƙashin tukunya, ja da shuɗi, ba ko ɗigon hayaƙi. Duka bai fi minti uku ba. Na tsaya baki buɗe, don wannan darasin, cewa iska mai zafi ce ke tashi ta jawo mai sanyi, ni nake koyar da shi duk shekara, har ina rage wa yara maki a kansa. Matar da ba ta taɓa riƙe alli ba ta karanta shi da tafin hannu.

Gwate ya nuna a kan lokaci, baƙi suka ci har da ƙari. Da Baffa zai tafi, ya tsaya ya gaida Mama Ladi gaisuwa mai tsawo, irin wadda yake yi wa limamai. Sannan, yana kallon takalmina, ya ce, "Malam, in akwai gurbi a ajinta, ka nema."

Na nema kuwa. Tun daga ranar, duk abin da zan ƙirƙira sai na fara kai shi gaban wadda ta yi shekara arba'in tana yinsa ba zane. Kuma ba na sake ba suruki labarin abin da ban taɓa kunnawa ba.