Rasuwar Kwamfutar Malam Haliru

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da haushin da ladabi ya hana a furta, Malam Haliru Mujtaba Gwandu yana sanar da rasuwar kwamfutarsa, wadda ta cika a Kalgo ranar Talata bayan gajeriyar jinya.

Marigayiyar ta ƙare rayuwarta tana tonon tarihin manhajoji. Masu rubuta manhaja suna da rumbuna a intanet, inda ake adana kowane canji da suka yi. Ita ce ke kwaso waɗannan rumbuna, tana tsince wuraren da aka sake wa manhaja fasali ba tare da an canja aikinta ba, kamar mai sake jeren ɗaki. A kan wannan Malam ke neman digirinsa na uku. Bata taɓa ƙorafin wutar Kalgo ba, sai dai ta ce fuuu, ta ci gaba.

Malam ɗan gidan malamai ne, a gidansu kuwa ba a barin littafi tsirara. Da ya tashi tafiya Gwandu, sai ya naɗe ta da mayafin marigayiya matarsa Lauratu, ya bar ta a kunne tana aiki. Littafi ba ya numfashi. Ita tana yi. Ya dawo ya tarar tana ƙas-ƙas-ƙas, jikinta kamar tanda. Lukuman mai gyara ya buɗe cikinta, ya sunsuna, ya rufe.

Ta tafi da duk abin da ta tono, wata guda kafin Malam ya tsaya gaban masu jarrabawa. Ta bar caja mai ɗinki biyu, da jaka, da babi na huɗu mai take babu jiki, da mai gida da ya san ranar da wani baƙo a ƙasar sanyi ya canja sunan layi ɗaya a manhaja, amma bai san inda aikinsa yake ba.

Za a kai gawar shagon Lukuman bayan La'asar, inda za a raba sassanta ga mabuƙata. Zaman makoki a zauren gidan Malam da ke Gwandu. Ana karɓar addu'a da aron kwamfuta. Wanda kuma zai zo tambayar ko an ajiye kwafi, ya yi zamansa a gida, an yafe masa ta'aziyya.