Ranar da Magina Suka Koma Sabon Girgije

A wani daji da kogi ya raba biyu, akwai ƙungiyar magina da Malam Damo yake shugabanta. Manyan cikinta su ne Injiniya Zanzaro mai kamfanin zane, da Hajiya Gara mai kamfanin gini, da Gafiya mai haƙa harsashi. Kowane kamfani yana da ɗan girgijensa da yake ajiye zane a kai, kowa ya ɗaga kai ya duba nasa. Sai dai giragizan sun tsufa, sun yi sirara, kuma iska tana kaɗa kowanne inda ta ga dama. In Zanzaro ya gyara zane da hantsi, labarin ba ya isa wajen Gara sai an riga an ɗora bango.

Bara suka gina gada don ƙananan dabbobi su riƙa ƙetarawa zuwa kurmin ɓaure, inda abincin damina yake. Aka taso da gini daga gaɓar gabas, aka taso daga ta yamma, da aka zo tsakiyar kogi sai ɓangarorin suka wuce juna kamar maƙwabtan da ke gaba. Ruwa ya zo ya kwashe duka. A daminar nan bushiya da zomo sun sha yunwa, wasu da suka gwada iyo ba su dawo ba.

Bana, kafin ruwa ya sauka, Shamuwa ta iso da labari. Aka kira taro a gindin tsamiya.

"Ranku ya daɗe," in ji ta, "a dazuzzukan da na ratso an daina ajiye zane gida-gida. Girgije ɗaya ne babba, iska ba ta kaɗa shi. Mai zane ya ja layi, nan take mai gini ya gani, mai haƙa ya gani. Wanda ya ci karo da matsala ya sa alama, kowa ya sani. Na jawo muku shi, ga shi can bisa kogi. Gani ya kori ji."

Suka ɗaga kai. Ga shi kuwa, fari tas, faɗinsa ya rufe gaɓa da gaɓa. Wuri ya kaure da sowa, tsuntsaye suka tashi suna kewaya shi.

Zanzaro ya miƙe, ya gyara ɗamararsa. "Ni na daɗe ina roƙon Allah ya kawo irin wannan rana. Zanena bai taɓa kuskure ba, sai dai ya faɗa hannun masu gaggawa. Ban kama suna ba. Yanzu duniya za ta ga layin da na ja, ta kuma ga inda aka ɗora laka."

Hajiya Gara ta yi murmushi. "Injiniya ya yi gaskiya, ni ma farin cikina ba ya misaltuwa. Akwai masu canza zane sau da yawa kafin azahar, su tafi hutawa, su bar ma'aikatana suna rushe abin da suka gina da yawun bakinsu. Ni ma ban kama suna ba. A koma yau, ba sai gobe ba."

Malam Damo ya kaɗa kai. "Ban taɓa ganin kanku ya haɗu haka ba. Na lura kowa yana murnar za a ga aikin ɗan'uwansa. To, laifi tudu ne. Mu koma."

Ƙaura ta zama biki. Tattabaru suna jigilar zane daga tsofaffin giragizai, kwaɗi suna kiɗa a bakin ruwa. A girgijen Zanzaro aka tarar da zanen gadar bara har kala-kala: wani an sa masa suna "na ƙarshe", wani "na ƙarshen ƙarshe", wani kuma "wannan ne wallahi". A na Gara aka tarar babu ko ɗaya daga cikinsu, da wani can daban ta yi aiki. Aka yi dariya har Damo ya share hawaye, masu abin kuma suka shiga duban ƙasa.

Ana cikin haka Gafiya ta leƙo daga raminta, duk jikinta ƙasa.

"Malam, ina taya ku murna. Amma ni aikina a ƙarƙashin ƙasa yake. Ta ina zan ga girgijen?"

Babu wanda ya yi wannan tunani. Zanzaro ya ce a kafa kwamiti. Shamuwa kuwa ta tashi ta ɗebo ruwa a ƙwarya, ta ajiye a bakin ramin.

"Yaya Gafiya, duba ciki."

Gafiya ta leƙa. Ga girgijen nan a cikin ruwan, layi-layi, har da wurin da za ta haƙa. Ta taɓa ruwan da ɗan yatsa, sai alamar ta bayyana a sama, kowa ya gani. Ta yi tsalle ta rangaɗa guɗa.

Aiki ya kankama daga gaɓa biyu. Ana tsakiyarsa hadari ya fara haɗuwa a gabas, kuma a ranar ne Gafiya ta ci karo da dutse daidai inda ginshiƙin tsakiya zai zauna. A da, sai ta yi shiru ta kauce gefe, kowa ya ci gaba da nasa. Yanzu ta dangwala yatsa a ƙwarya. Zanzaro yana can bisa reshe ya ga alamar, ya matsar da ginshiƙin, ya karkata layin gadar kaɗan. Hajiya Gara a gaɓar yamma ta ɗaga kai ta gani, ta daka wa rundunarta tsawa: "Ku tsaya! Ku karkato dama!" Dubban garar suka juya kamar jiki ɗaya.

Da ɓangarorin biyu suka kusanci juna, dajin gaba ɗaya ya taru a bakin kogi. Aka ɗora curin laka na ƙarshe. Suka haɗu baki da baki, ko tsinke ba zai shiga tsakani ba. Zanzaro ya sauko ya rungumi Hajiya Gara, ya ce, "Hajiya, ashe kin iya gini!" Ta ce, "Injiniya, ashe kai ma zanenka yana ginuwa!"

Ruwa ya sauka kamar da bakin ƙwarya, kogi ya cika ya batse, gada ko gezau. Wata tsohuwar bushiya ce ta fara hawa, tana tafe tana sa albarka, jikokinta na biye da ita har kurmin ɓaure.

Da murna ta lafa, ƙungiya ta ɗauki sababbin ayyuka, rumbuna da magudanan ruwa. A nan ne manya suka fahimci cewa girgijen ba zane kaɗai yake nunawa ba. Kowace safiya yana nuna aikin da ya tsaya, da wanda ake jira, ɓaro-ɓaro a sararin sama, ko ɗan tsako ya ɗaga kai zai karanta. Har yau babu wanda ya kushe shi, a kowane taro sai an yaba masa. Sai dai tun daga wannan damina, ciwon wuya ya yawaita a tsakanin manyan dajin, kowa ya ce ba ya iya ɗaga kai sama.