Ranar da Na Wanke Duwatsun Malam

Ba zan taɓa mantawa da wata Asabar ba, watana biyu da aure, muna zaune a Yelwa cikin Mubi. Maigidana malamin ilimin duwatsu ne, ni kuwa a lokacin ilimina bai wuce na mace mai son a ce gidanta fes yake ba.

Tun muna zance yake ba ni labarin wata ma'ajiya ta gwamnati, can nesa, inda ake adana duwatsun da masu neman man fetur suke zarowa daga ƙarƙashin ƙasa, dogaye kamar taɓarya. Ya ce akwatuna ne jere a kan kanta har rufi, kowane dutse da lambar zurfin da aka ciro shi. Wai wasu ma daga wurin da teku ya taɓa kwanciya suka fito. Ni da ban taɓa ganin ruwan da ya fi kogin Yedzaram ba, sai in lumshe ido in gan ni ina yawo a ɗakin nan mai sanyi, ina shafa akwatuna, teku na motsi a hankali ƙarƙashin ƙafata. Ya yi mini alkawarin wata rana zai kai ni.

To, sai aka ba shi aron akwati ɗaya don bincikensa, ya sa hannu cewa zai mayar yadda ya karɓa, in ba haka ba sun rufe masa ƙofa ke nan. Akwatin ya iso ranar Juma'a da yamma an kulle ɗakin gwaji, sai ya kawo shi gida. Washegari zai tafi ta'aziyya garin Betso, ya ce, "Ki kula mini da shi."

Na buɗe (ba a hana ni ba, ba a kuma sa ni ba). Raina ya ɓaci. Wannan ne tekun nawa? Gutsattsarin duwatsu, wasu baƙi ƙirin da maiƙo, suna warin kananzir, an zizzira musu jan layi da baƙi, babba kusa da ƙarami ba tsari. Na ce lallai maza ne ke riƙe da ma'ajiyar nan.

Na ɗebo ruwa a baho, na zuba garin sabulu, na ɗauko soson ƙarfe. Ina dirza ina ƴar waƙata, ina hango ranar da ma'aikatan za su buɗe akwati su tambaya, matar waye wannan? Da suka sha rana sai na yi musu jere irin wanda gwaggonnina suka yi wa kwanukana: farare gefe guda, jajaye a tsakiya, manya a baya, ƙanana a gaba. Har turaren wuta na yi musu.

Da la'asar ya dawo. Na ɗaga murfin da kaina, ina murmushi.

Bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Ya zauna a ƙasa da babbar rigarsa, ya ɗauki dutse ɗaya ya shinshina.

"Hauwa, maiƙon fa?"

"Ya fita tas, Malam. Sai da na sake ruwa sau uku."

"Maiƙon nan shi nake bincike a kai. Jerin kuma shi ke nuna wanne ke sama, wanne ke ƙasa."

Wallahi na ji kamar in shige akwatin a rufe da ni. Abin da ya ɗan cece mu, kafin in fara na ɗauki hoto na tura wa Adda, yayata, don ta ga ƙazantar masu ilimi. Da hoton gulmar nan muka wuni Lahadi muna mayar da kowane gutsure gurbinsa. Maiƙo dai ya bi kwata.

Ya cika alkawari, ya kai ni ma'ajiyar, sai dai a matsayin mai laifi na je. Ɗakin ya fi wanda nake mafarki tsawo da shiru, amma ban iya ɗaga kai na kalle shi sosai ba. Dattijon da ke kula da wurin ya saurare ni har na gama, ya ɗauki dutse ya kai hanci, ya daɗe.

"Ƴata, dutsen nan tun kafin a yi mutane yake riƙe da mansa. Ke awa nawa ya ɗauke ki?"

"Biyu, Baba."

Ya gyaɗa kai. Ya ce za su ci gaba da ba Malam aro, da sharaɗin kada akwati ya sake kwana a gidan da nake. Sannan ya ɗauki alƙalami ya rubuta a jikin akwatin, manya-manya: an wanke.

Malam sai da ya ƙara shekara guda a kan bincikensa, bai kuma taɓa goranta mini ba, abin da ya fi damuna ke nan. Akwatin yana can har yau, duk ɗalibin da ya buɗe sai ya tambayi labari. Na so a san ni a ma'ajiyar, an kuwa san ni. Yanzu ko safar Malam na gani da datti, sai na tambaye shi ko bincike yake a kai kafin in jiƙa.