Waken da Ya Fi Ƙarfin Cuta

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da malamina ya zo Maska duba aikina, ko da yake na yi ƙoƙarin mantawar.

Ina ajin ƙarshe a makarantar aikin gona, ina binciken waken da ke jure cutar da ke ƙone ganye, ba feshi, ba takin kanti. A gonar kakata na shuka iri daban-daban. Cuta ta share su kaf, sai layi ɗaya da ya tsaya kore shar. Na sami kusan tiya guda. Wannan tiyar ita ce shaidar kammala karatuna.

Don kada magani ya taɓa shi, na cakuɗa shi da toka da barkono a tukunyar ƙasa, na jera kusa da tukwanen Kaka. Na liƙa masa suna da Turanci (Kaka ajami kawai take karantawa). Kullum ina yabonsa a gabanta, amma "kada ki taɓa" ta yi mini nauyi a baki.

Da Dakta, malamin nawa, ya iso daga Funtua, Kaka ta aiko da alala mai zafi, ta sha manja. Ni da ba na iya cin abinci gaban malami, ran nan har ƙari na nema.

"Wannan wake akwai garɗi," in ji Dakta yana suɗe yatsa. "To, kawo mana irin mu gani."

Na ɗauko tukunyar, na ji ba nauyi. Kaka ta leƙo daga bakin zaure.

"Angona, me kake lalube? Ai shi kuka tashi da shi yanzu. Baƙo kamar Malam, in ba shi waken kasuwa mai warin magani?"

Dakta ya dubi kwanon, ya dube ni.

"Wa ya fi ci?"

"Shi mana, Malam! Ko kai bai ɗaga ba."

Haka muka durƙusa, ni da Dakta da babbar rigarsa, muna tankaɗe toka da rariya. 'Yan ƙwayoyin da muka tsinta na sake shukawa. Abokaina suka kammala, ni na jira wata daminar.

Yanzu duk irin da na ajiye, kafin in rubuta masa suna sai na yi wa Kaka bayani da babbar murya. Waken ya jure cuta, Kaka ce dai bai jure ba.