Ayabar Baba

Ba zan taɓa mantawa da ranar addu'ar arba'in ɗin Baba ba, ranar da na gane cewa rawar kai ba ilimi ba ce.

A gidanmu na unguwar Roumdé Adjia akwai ayaba a kusurwar tsakar gida. Baba ne ya dasa ta kusa da dutsen da yake zama ya yi alwala. Duk zafin Garwa ganyenta shar yake, kuma ban taɓa tambayar kaina dalili ba. Da ya rasu, Inna ta ce abu ɗaya take so: ayabar nan ta rayu, ita kaɗai ce abin da ya shuka da hannunsa.

Ni ne babba, sai na ɗauki girma na aza a ka. Na sa aka ɗauke dutsen, aka shafe wurin da siminti saboda masu ta'aziyya, aka juya makwararar ruwan zuwa waje. Ba a daɗe ba ganye ya fara langaɓewa. Na ce wa Inna, "Yunwa ce. Bar ni da ita." (Ni da ko barkono ban taɓa shukawa ba.) Na sayo takin zamani na zuba mata a gindi, kwano cike, a busasshiyar ƙasa da tsakar rana, ban bi shi da ruwa ba. Har ina gaya wa dangi su zo su ga aiki ranar arba'in.

Suka zo kuwa. Ayaba ta ƙone ƙurmus, ganye ya bushe kamar tsohuwar tabarma. Kawu Hamadu, ƙanin Inna da ya zo daga Poli, ya tsaya a kanta ya ce, "Wa ya zuba mata takin angire haka? Kashe ta aka so yi?"

Na fara kame-kame, wai takin ne jabu. Inna ba ta ɗaga murya ba. Daga bakin ƙofarta ta ce, "Ba yunwa take ji ba, Babangida. Ruwan alwalar ubanku take sha. Ya tafi, kai kuma ka toshe hanyar."

Na so ƙasa ta tsage in shige. Abin da ya fi ƙona mini rai, ba faɗa ta yi ba, kuka take yi, kuma ni na sa ta.

Washegari na fasa simintin da kaina, na kwashe takin, na mayar da dutsen. Uwar ayabar ba ta tashi ba. Sai da damina ta sauka wani ɗan tsiro ya leƙo daga gefenta. Yanzu a kan dutsen nan nake alwala, Inna tana kallo daga ƙofa.

Na koyi cewa kafin ka gyara abin da ka gada, ka tambayi me yake ci. Ayabar nan kuwa ta zame mini liman: ranar da na yi wasa da salla, ganyenta ne ke fara tona mini asiri.